Ruwan rijiyar gidana yana cinye min famfuna, wai asid gare shi, ina mafita?

Magidanci_RijiyarZaki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masana harkar ruwa da duk wanda irin wannan ta taɓa samu ku taimaka min da shawara, abin ya fara isata wlh.

Ina zaune ne a Rijiyar Zaki, shekara 4 kenan da tarewarmu. Kun san dai yanda unguwannin namu suke, ruwan gwamnati sai dai ka ji labari, to tun ana ginin na sa aka haƙa rijiya a tsakar gida, gaba 11 ce, aka jera mata ringin siminti har ƙasa, da na ɗan samu sarari kuma na sa mata ƙaramin sumo yana tura ruwa tankin roba a sama. Shekarar farko lafiya lau, ruwa garai-garai har maƙota na aiko yara ɗiba. Daga bara ne abubuwa suka fara canzawa. Kan famfon kicin na canza shi sau 3, na banɗaki sau 2, duk ta gindi suke ruɓewa su fara ɗiga. Ƙarƙashin famfon sinki wani kore-kore shuɗi-shuɗi yake fitowa, uwargida ta goge da omo da soson ƙarfe bayan sati ya dawo. Hitar wanka ƙarfen cikinta ya huje. In ka buɗe famfo da asuba zaka yi alwala ruwan farko ja-ja yake zuwa, in ka kurkure baki kuma sai kaji kamar ka tsotsi ƙusa, sai ya ɗan zuba sannan ya washe. Fararen kayan makarantar yara duk sun koma kalar ƙasa.

Akwai ɗan yayata da yake karatun kemistiri a BUK, shi ya zo da wata ƴar takarda ya tsoma a ruwan ya gwada kalarta da jikin kwali, yace pH ɗin wajen 5.5 ne, wai ruwan asid gare shi. Ni dai da naji kalmar asid gabana faɗuwa yayi, dan ni asid ɗin da na sani shine ruwan batir, ga yara ƙanana har da mai wata 5 a gidan.

Yanzu shawara ta rabu biyu. Maƙocina dattijo yace in sayo kanwa kwano 2 a kasuwar Rimi in juye a rijiyar shikenan. Fulamban da yake min aiki kuma yace in sayi filtar nan mai kwalba 3 da ake mannawa a bango. Wani abokina ma cewa yayi in manta da rijiyar in tara kuɗi in yi bohol, kamar kuɗin bohol a bishiya ake tsinkowa. Wanne zan ɗauka? Kuma ruwan nan yana da illa a ciki ko iya ƙarfe yake ci? Af, na manta, da damina in ruwan ya ɗan gurɓace madam tana jefa alimun a tanki ya kwanta, bansan ko yana da alaƙa ba.

Ɗan_Kurna

Hhhh Alhaji ai kai ka yi kuskuren unguwa, kana Rijiyar Zaki ruwanka na tsami, ka tattara ka dawo mana nan Rijiyar Lemo kawai a san inda aka dosa.

Maganar gaskiya ni ina bayan dattijon nan. Tun kakanni me ake kashe tsami da shi? In miyar yakuwa tayi tsami kanwa ake ɗiga mata, ai shi yasa ake cewa kanwa ta kar tsami ƙwarnafi ya kwanta. Kar ka bari ƴan boko su sa ka kashe dubunnai akan abinda ɗari biyar zata yi maganinsa. Ka samu ungurnu mai kyau ka jiƙa ka tace ka zuba.

Maman_Biyu_Ɗorayi

Wa alaikumus salam. Dan girman Allah Baban yara kar ka zuba kanwa a rijiya, ni na gwada a tanki ma ba a rijiya ba kuma na ga takaina. Mu ma haka namu yake yi, koren nan a sinki da jan ruwa da safe, wata ƙawata tace in sa kanwa, na jiƙa kusan rabin kwano na tace na sa yaro ya hau ya juye a tanki. Ranar shinkafar da na dafa fara ce amma ruwan ɗorawa ta fito kuma ta caɓe, shayi ya koma baƙi ƙirin ga wani bauri, in kayi wanka jikinka santsi kamar sabulu bai fita ba kayi ta ɗauraya. Yaran kuwa kwana suka yi suna zaryar banɗaki, kun san dai aikin kanwa a ciki. Maigidan da ya dawo faɗa kamar zai ari baki, dole muka zubar da tanki guda muka sayi kura 2 a wajen ƴan garuwa. Abin haushin ma da aka sake cika tankin washegari komai ya dawo yanda yake, kunga an yi ba a yi ba kenan.

Ɗan Kurna miya daban rijiya daban, tukunyar miya kana ganin iyakarta kana ɗanɗanawa, rijiya kuwa kullum sabon ruwa take kawowa ta ƙasa. Ni yanzu na haƙura fiya wata muke saya na sha, na rijiya wanki da wanka, amma jakar fiya wata kullum ƙara kuɗi take, nima ina nan na kasa kunne ko Allah zai kawo mai ilimin abin.

Injiniyan_Ruwa

Salam. Malam Magidanci ka kwantar da hankalinka tukuna, ba ruwan batir bane a rijiyarka. Shekaruna da dama ina aikin ruwa a garin nan kuma irin wannan ƙorafin ba baƙo bane. Zan ɗan yi tsawo ku yi haƙuri.

Shi pH ma'auni ne daga 0 zuwa 14, 7 ne tsakiya, ƙasa da 7 ɓangaren tsami, sama da 7 ɓangaren kanwa. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta fitar a 2007 aka sabunta a 2015 ta ce ya zama tsakanin 6.5 da 8.5. Sai dai lissafin ba kamar na awon hatsi bane, duk taki ɗaya ninki 10 ne, wato ruwa mai 5.5 ya ninka mai 6.5 tsami sau 10. Duk da haka lemon kwalban da muke sha da rana tsaka yana wajen 2.5 ne, ruwan sama ma da kansa wajen 5.6 yake saukowa, cikinka kuwa asid ɗin da ke ciki ya fi duk waɗannan. To kaga tsamin kansa ba shine zai ƙona wa yaro hanji ba. Inda gizo ke saƙar shine abinda ruwan yake narkarwa ya taho da shi a hanya. Koren da madam take gogewa tagullar jikin famfo ce take narkewa, ja-jan asuba kuma tsatsar fayif ɗin ƙarfe ce da ruwa ya kwana yana ci. Su waɗannan ana ganinsu. Wadda ba a gani itace dalma, dan kawunan famfo na tagulla musamman masu arha akan samu dalma a haɗinsu, ba ta da kala ba ta da ɗanɗano kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara take taɓawa. Mu da muka ga abinda gubar dalma tayi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an mana dogon bayani ba, duk da ita waccan daga ƙurar dutsen zinare ce ba daga famfo ba. A Amurka ma garin Flint a 2014 canza musu ruwa akayi zuwa na kogi ba tare da an sa maganin hana cin fayif ba, ruwan ya dinga kankaro dalma daga tsofaffin bututu yana kai wa mutane gida.

Me yasa ruwanmu yake haka? Birnin Kano akan dutse yake zaune, irin dutsen da ake fasawa ayi cifin, samansa kuma jar ƙasa da marmara irin wadda kake gani a Dala da Goron Dutse. Ruwan sama in yana ratsa ƙasa yana kwasar iskar kabon dayoksaid daga saiwoyi da ruɓaɓɓun abubuwa, ita ke sa shi ɗan tsami. A inda akwai farin dutsen da ake siminti da shi kamar Kalambaina a Sakkwato ko Ashaka a Gombe dutsen ne yake kashe tsamin tun a ƙasa, namu dutsen kuwa ba ya narkewa balle ya kashe komai. Shekararka ta farko da kace lafiya lau ina kyautata zaton sabon ringin siminti ne ya rufa maka asiri, sabon siminti yana sakin abu mai kama da kanwa a ruwa na ɗan lokaci, da ya gama saki sai ainihin halin ruwan ya fito. Kuma wannan ne dalilin da yasa bohol ba lallai ya fishe ka ba, na sha auna bohol mai tsami a garin nan.

Alimun ɗin madam kuwa yana da hannu dumu-dumu, shi kansa ƙara tsami yake. A manyan matatun ruwa irin su Tamburawa da Challawa in an sa alimun akan bi shi da laim, wato garin farin dutse da aka ƙona mai kashe tsami, dan a dawo da ma'aunin, ku kuma kuna sa rabin aikin ne kawai. In dai dan ruwa ya kwanta ne ta daka ƙwallon zogale busasshe ta yi amfani da garin a bokiti, yana kwantar da laka kuma ba ya taɓa pH sosai, sai dai ruwan ba a ajiye shi ya kwana biyu.

Filta mai kwalba 3 ɗin nan ka barta a shago. Zare ne da gawayi a ciki, tana tare laka da wari, amma ruwa da tsaminsa zai shiga da tsaminsa zai fita. Injin RO ma, mai matsa ruwa ta cikin wata siririyar mataci, da wasu ke ɗauka shine ƙarshen zance ƙara sauke pH yake tunda yana kwashe ma'adinan ruwan.

Kafin ka kashe ko sisi ga abinda zaka yi. Ka jawo ruwa da guga kai tsaye daga rijiyar ba daga tanki ba, a auna nan take a bakin rijiya. Sai ka samu bokiti biyu kayi ta sheƙa shi daga wannan zuwa wancan kamar mai fifita kunu, sau 20 ko fi, ka sake aunawa. In ya tashi sosai, misali daga 5.5 ya haura 6, to yawancin tsamin iskar nan ce kuma shan iska kaɗai zai rage maka rabin aiki. In ko gezau bai yi ba, ko ya sauka ƙasa da 5, to a nemi dalili, musamman ga waɗanda ke kusa da masana'antu a Sharaɗa, Bompai da Challawa ko marina ko inda ake fasa batir. Ƴar takardar nan kuma tana yin ƙarya a ruwan da ba shi da ma'adinai da yawa, gara ka ari mitar nan mai kamar biro wajen masu kiwon kifi, amma a fara saita ta da garin da take zuwa da shi mai 4.01 da 6.86.

Maganin da aka fi yi a gida shine a bi da ruwan ta cikin tukunya mai cike da tsakuwar kalsayit, wato dai farin dutsen nan da babu shi a ƙasarmu sai mu kawo shi da kanmu. Ruwa yana ratsawa yana lasar dutsen kaɗan-kaɗan, tsamin na mutuwa, kuma daɗinsa ba ya wuce gona da iri, in ya kai wajen 7 da ɗoriya sai ya daina narkewa da kansa. Bambancinsa da kanwa kenan, ita ba ta san ya isa ba. Daga 6 zuwa sama kalsayit kaɗai ya wadatar, in ya yi ƙasa da haka akan haɗa masa ɗan magniziyam oksaid, in yayi ƙasa sosai kuma sai a koma ɗiga soda-ash da ƙaramin injin awo. Sau ɗaya ko biyu a shekara zaka ƙara dutse. Aibinsa ɗaya ruwan zai ɗan yi nauyi, sabulu zai rage kumfa, butar shayi zata fara farin ɓawo a gindi.

Magidanci_RijiyarZaki

Kai Injiniya Allah ya saka da alheri ya jiƙan mahaifa, wlh sai yanzu naji numfashina ya dawo. Na karanta wa madam wajen alimun tayi tsit hhh. To tambayata, shi wannan dutsen ba zan iya juye shi cikin rijiyar kai tsaye ba in huta da sayen tukunya? Kuma a ina ake samunsa a Kano? Akwai ragowar cifin na gini a ƙofar gidana kusan rabin tifa, ba zai yi ba? Sannan soda ɗin da ka faɗa itace wadda mata ke haɗa sabulu da ita? Dan ƙanwar madam tana sana'ar tana da ita a gida.

Fulamba_ƘofarRuwa

Yallaɓai Injiniya ya gama magana, ni dai ta ɓangaren masu spana zan ɗan ƙara, kuma akwai inda zan saɓa masa kaɗan ya yafe ni.

Shekara 17 ina wannan aikin. Gidan da duk na shiga naga jan ruwa da asuba tun kafin in hau sama na san zan tarar da fayif ɗin ƙarfe, ko dai wanda ya sauko daga tanki ko guntayen soket da nipul da ake haɗa kan famfo da su. Wasu abokan sana'ar tamu Allah ya shirye mu, sai ayi maka gida duka da roba amma wajen haɗi a cusa baƙin ƙarfe mai arha a binne a bango, shekara 2 tayil ya fara jiƙewa kana neman inda ruwa ke fita. To ni a ganina kafin Alhaji ya je ga tukunyar dutse ya fara raba ruwan da abincinsa. A cire duk wani ƙarfe a sa fayif ɗin roba, PPR ko PVC, kawunan famfo na kicin a sa na sitenles na gaske ko ma na roba, munin gani ne kawai da shi amma ruwa ba ya cinsa. A duba sumo ma, in mai jikin baƙin ƙarfe ne yana nan yana ruɓewa a ƙasa, igiyar da aka rataye shi in waya ce a mayar da ita ta roba tun kafin wata rana a wayi gari ya faɗa. Fayif ɗin da ke waje a rana kuma in PVC ne a shafa masa fenti, ranar Kano gasa shi take ya zama kamar ƙuli-ƙuli.

Tukunyar da Injiniya yake faɗa ta kamfani mai kan juyawa tana da kyau amma ba kowa zai iya ba a wannan marrar. Abinda nake wa mutane shine shuɗin duro na roba mai murfin ɗaurewa, wanda aka san abinci aka zubo a ciki ba kemikal ba, a huda ƙasa ruwa ya shiga ta nan ya taso ta cikin dutse ya fita ta sama, a sa raga a bakin duka biyun. Dutsen kuma farin dutsen tarazo nake nema ƙanana, a wanke shi tas har ruwan ya daina fari. A ajiye duron a sama kusa da bakin tanki inda ruwa zai zuba da kansa, kar a sa shi inda ƙarfin sumo zai matse shi, murfin zai yi tsalle, ya taɓa faruwa da ni a wani gida a Hotoro na sha wanka da kayana a jiki. Sannan wajen da ruwa ke faɗawa tanki in ka ɗaura masa kan shawa ya dinga watsuwa, ga shan iskar da ake magana kyauta. Ka sa famfon wanko a gindin duron dan jan laka zai taru, duk sati biyu ka buɗe ya fita, in ba haka ba tsatsa zata lulluɓe dutsen ya daina aiki kace na cuce ka.

Cifin ɗin ƙofar gidanka kuwa ka barshi yayi maka dakali.

Anti_Nas

Sannunku da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, duk naga an tafi kan fayif da famfo an bar abinda ya fi tsaya min a rai, jaririn nan ɗan wata 5. Baban yara taku nawa ne tsakanin rijiyarka da masai ko sokawe, naka da na maƙota ta bayan katanga? Abinda ake so mita 30 ne, filayenmu na yanzu kuwa da ake yankawa kamar awara ko rabin haka da wuya a samu. Rijiya gaba 11 ba zurfi ne da ita ba, kuma kace da damina tana gurɓacewa, wannan alama ce ruwan sama yana samun hanyar shiga. Tsami ba zai kwantar da yaro a asibiti a kwana ɗaya ba amma amai da gudawa zai yi, mun san yanda damina take mana a garin nan.

In zaka kai gwaji kar ka tsaya a pH, kace a duba ƙwayoyin cuta na bahaya, da naitiret, sinadarin da ke biyo ruwa daga masai da taki, wanda bai kamata ya wuce miligiram 50 a lita ba, shi ne yake da haɗari ga jarirai ƴan ƙasa da wata 6 in ana dama musu madara da ruwan, da dalma wadda iyakarta 0.01 ce, da sinadarin ƙarfe 0.3. Kuma a sani tafasa ruwa ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya cire dalma ko naitiret, in ya daɗe yana tafasa ma ƙara tattara su yake. Maman jariri ta ci gaba da nono zalla har ya cika wata 6, ko ruwan ma ba ya buƙata. Kafin a gyara, ruwan farko na asuba a barshi ya zuba minti 1 ko 2 a tara a bokiti ayi shara ko bayi da shi, kar a dafa shayin yara da shi, ruwan hita kuma wanka kawai.

Maman Biyu fiya watan ma a dinga duba lambar NAFDAC, kuma ba duk mai lamba bane ake ajiye shi a inuwa.

Injiniyan_Ruwa

Subhanallah, Malam tsaya tsaya, kar ka kusanci sodar sabulun nan. Masu haɗa sabulu suna da iri biyu, akwai soda-ash mai laushi kamar gari, akwai kostik soda mai ƙyalli kamar sikari ko ɓawon kifi, ita ta biyun ba kanwar lasa bace, tana sale fata tana makantarwa, yara da yawa sun sha ta a gidajen masu sabulu sun ɗauka ruwa ne maƙogwaronsu ya lalace. Ko soda-ash ɗin ma ba da cokali ake watsawa ba, kuma tana ƙara gishirin sodiyam a ruwa wanda mai hawan jini ba ya so, ita kanwa ma ƴan gida ɗaya ne da ita, banda yashi da dattin da take zuwa da shi. Ka cire wannan layin daga lissafinka gaba ɗaya.

Juye dutse cikin rijiya wasu na yi, amma ruwan ba ya ratsa shi yanda ya kamata, laka ta binne shi a wata biyu, in masu yasa suka zo kuma su kwashe maka shi a matsayin datti. A waje ya fi inda zaka gani ka wanke ka ƙara.

Oga Fulamba ban ƙi taka ba, canza fayif ɗin ma shine farko. Gyara ɗaya zan yi, ba duk farin dutse bane kalsayit, akwai farar ƙanƙara da ake sayarwa a matsayin na tarazo wadda ba ta narkewa ko kaɗan. Ka tafi kasuwa da lemon tsami a aljihu, ka ɗan farfasa dutsen ka matsa masa, in ya yi ƴan kumfa yana tsiii to shine, in yayi shiru ka bar musu kayansu. Mai launi ko wanda aka rina kar a saya. Masu abincin kaji ma suna da laimiston da ake ba kajin ƙwai, dutsen ɗaya ne amma yawanci gari ne da ƙasa a ciki zai toshe maka komai. Kuma a sani da zarar tsamin ya ragu ruwa ya sha iska, ƙarfen da ke narke a ciki zai fito fili yayi ja, kar ka tsorata kace abin ya ƙaru, a nan ne filtar zaren can zata yi amfani, a sa ta bayan tanki ta tare.

Ɗan_Kurna

To shikenan an taru an kayar da ni, na janye kanwata zan kai wa akuya. Amma lemon tsami a aljihu zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa, Injiniya so kake ƴan kasuwa suce an zo musu da asiri.

Magidanci_RijiyarZaki

Salam jama'a, na dawo da rahoto bayan sati 3, ku yafe ni da shirun.

Mun yi gwajin bokiti da mitar wani mai kifi a layinmu, daga rijiya 5.7, bayan sheƙawa 6.2. Na kai ruwa lab a gora biyu kamar yanda suka ce, ɗaya na asuba daga famfon kicin ɗaya daga guga. Ƙarfe ya wuce ƙa'ida a na famfo, a na guga kaɗan ne, wato dai gidan ne yake rina ruwan ba rijiyar ba. Dalma sunce su basu da injin aunata sai dai su tura wani waje, na biya ina jira. Naitiret bai kai iyaka ba amma ƙwayoyin cuta an samu, Anti Nas maganarki ta fito, da na auna da tef sokawen maƙocina ta baya mita 9 ne kacal tsakaninsa da rijiyar, ni da na zo kukan famfo sai ga babbar magana. Yanzu na sha dai tafasawa ake, an ɗaga bakin rijiyar an yi mata daɓe da murfi, alimun kuma an sallame shi.

Da aka fasa bangon kicin kuwa abinda Oga Fulamba ya faɗa shi muka tarar, guntun ƙarfe ya ruɓe har yatsa na shiga. An canza na kicin da wanda ya sauko daga tanki, banɗaki sai ƙarshen wata in Allah ya kaimu. Dutse shago na 3 muka samu mai kumfa, na farko da na biyu shiru, kuma Ɗan Kurna ka canka, sai da yaron shagon ya kira maigidansa. Duro ya kwana 6 da hawa, jiya na auna a famfo 6.8.

Abinda ya rage min yanzu sokawen nan ne. Mutumin dattijo ne, shine ma mai shawarar kanwar, kuma ya riga ni zuwa unguwar da shekara goma, bansan ta inda zan ɓullo masa ba. Injiniya in an zuba kulorin a rijiyar zai riƙe ko shima kwana biyu ne kamar kanwar Maman Biyu? Kuma in mutum zai yi bohol a irin wannan filin, kesin, wato bututun da ake zurawa a ramin, mita nawa ake sawa a toshe da siminti kafin ruwan saman ya daina bi?